Ka zuba yuriya amma masara ta ƙi yin kore? Wataƙila farar wuta take nema

A tsakiyar daminar bara wani ƙanena, ɗan kawuna da ke noma a wani ƙauye tsakanin Kusada da Yashe, ya ɗora hoton gonarsa a zauren WhatsApp na matasan garinsu. Masara ce ta kai gwiwa, amma ganyen saman nan duk ya yi fari-fari, ruwan ɗorawa-ruwan ɗorawa, kamar wadda ta tashi daga jinya. A ƙasan hoton ya rubuta: "Jama'a a taimaka. Sati biyu ke nan da na zuba yuriya, shiru kake ji."

Kafin minti goma amsoshi sun cika waya. Wannan ya ce jabun taki aka sayar masa. Wancan ya ce bai zuba da yawa ba ne, ya ƙara. Wani ma cewa ya yi hannu aka sa wa gonar. Shi kuwa sai ya bi ra'ayin da ya fi rinjaye, ya sayar da ɗan bunsurunsa ya ƙaro rabin buhun yuriya. Bayan wani satin ganyen ƙasa ya ɗan yi duhu, amma sabon ganyen da ke fitowa daga tsakiya yana nan yadda yake.

Da na je gida na tarar da shi ya yi tagumi. Ya ce da ni, "Yaya, wallahi na rasa gane kan gonar nan." Kawu yana gefe a kan tabarma yana sauraro, sai ya ce, "Mu dai lokacin da muke zuba supa ba mu san wannan ciwo ba." Muka yi dariya, muka ɗauka irin maganar tsofaffi ce ta "da can ya fi yanzu". Ashe shi kaɗai ne ya kusa da amsar.

Abin da ba ya cikin buhun yuriya

Duk wanda ya taɓa sayen taki ya san haruffa uku: N da P da K. N ɗin nan shi ne naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi kauri. Yuriya kusan shi kaɗai take ɗauke da shi: kashi 46 cikin 100 na buhun naitirojin ne, wato buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. Ban da shi babu wani abincin shuka a ciki.

Akwai harafi na huɗu da ba a cika maganarsa ba, wato S. Shi ne salfa, abin da Bahaushe ya daɗe yana kira farar wuta. Eh, wannan dunƙulen mai ruwan ɗorawa da ake gani a shimfiɗar masu kayan maganin gargajiya a kasuwa. Shuka tana buƙatarsa, kuma yawan da take ci bai yi nisa da na P ba, wanda kowa ke kashe kuɗi a kansa. Sai dai ba a dunƙule take cinsa ba. Saiwa tana zuƙarsa ne idan ya narke a ruwan ƙasa ya zama abin da masana ke kira salfet.

To mene ne haɗinsa da naitirojin? Nan ne labarin yake.

Ka ɗauka shuka magini ce, furotin take ginawa. Furotin shi ne naman jikinta, yana kuma cikin ƙwayar hatsi da wake da gyaɗa, wanda mu ma muke ci ya gina mana jiki. Tubalan ginin nan iri 20 ne, ana kiran su amino asid, kuma kowane ɗaya akwai naitirojin a cikinsa. Biyu daga ciki, sistin da metiyonin, ba sa ginuwa sai da salfa. Furotin kuwa ba ya kammala idan babu su. Kamar mai gini ne da aka tara masa bulo tuli guda amma siminti ya ƙare. Ƙaro masa wata motar bulo ba zai ɗaga ginin ba.

Masana sun auna sun ga cewa a furotin ɗin yawancin amfanin gona, duk kashi 15 na naitirojin yana tafiya da kusan kashi 1 na salfa. Ɗan kaɗan ne, amma idan ɗayan nan ya yi ƙaranci, sha biyar ɗin ba su da inda za su shiga. Naitirojin ɗin da shukar ta riga ta zuƙa sai ya taru a ganye bai zama furotin ba. Daga nan shukar kanta sai ta rage zuƙo wani daga ƙasa, domin ma'aikatan da ke sarrafa shi a cikin ganye sun yi sanyi. Sauran yuriyar da ke cikin ƙasa kuwa ba ta jira: wata ta bi iska, wata ruwan sama ya wanke ta zuwa can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Kuɗin bunsuru ya tafi ke nan.

Abin kuma gaba da baya ne. Idan naitirojin ne ya yi ƙaranci, shuka tana rage zuƙar salfa, domin gindin da ake ɗora salfar a kai kafin ta zama sistin shi ma da naitirojin ake yin sa. Saboda haka wanda ya zuba salfa zalla a gonar da ke yunwar naitirojin shi ma bai yi komai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ganyen sama ko na ƙasa?

Ga abin da ya kamata duk matashin manomi ya riƙe, ko da ya manta sauran rubutun nan. Rashin naitirojin da rashin salfa duk suna sa ganye ya yi ruwan ɗorawa, shi ya sa ake rikita su. Bambancin yana wurin da abin ya fara.

Naitirojin yana yawo a jikin shuka. Idan ya yi mata kaɗan, sai ta kwaso na tsofaffin ganyaye ta kai wa sababbi. Don haka ganyen ƙasa ne ke fara ɗashewa. A masara za ka ga ya fara daga bakin ganye ya bi jijiyar tsakiya yana shiga ciki, saman shukar kuwa da sauran korensa.

Salfa ba ta yawo haka. Inda ta zauna nan take zama. Idan ta ƙare a ƙasa, sabon ganyen da ke fitowa shi ne zai rasa, tsofaffin kuma su ci gaba da zama kore-kore. Shukar ta tsumbure, karanta ya yi siriri, ta yi jinkirin fitar da kai. Abin da hoton ƙanena ya nuna ke nan, amma a cikin duk masu ba da shawara babu wanda ya tambaye shi wane ganye ne ya fara.

Amma a yi hattara, kada gobe kowa ya zama likitan gona a Facebook. Sabon ganye yana iya ɗashewa saboda wasu dalilan. Rashin sinadarin zink yana kawo faffaɗan farin zane a ganyen masara. Rashin sinadarin ƙarfe yana sa tsakanin jijiyoyi ya yi fari, jijiyoyin su zauna kore. Akwai cutar da ke yi wa ganyen masara zane-zane, akwai kwanciyar ruwa, akwai kuma wuta-wuta, wadda ke tsotse dawa da gero da masara tun tana ƙarƙashin ƙasa ba a gan ta ba. Idan kuma gona tana fama da yunwar naitirojin da salfa a lokaci guda, duk jikin shukar ne zai ɗashe, ido ba zai iya rabewa ba. Launin ganye manuniya ce kawai, ba hukunci ba.

Me ya sa ƙasarmu take wannan yunwa?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya ratsa ta Kankiya, ko ya shiga ƙauyukan Rimaye da Kafin Soli da Gyaza, ko ya gangara Kusada da Mawashi da Kofa, ya san irin ƙasar: yawanci jigawa ce mai rairayi, sai fadamu nan da can. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne tushen noma, masara kuma tana ta ƙara samun wuri.

Mafi yawan salfar da ke cikin ƙasar noma tana ɓoye ne a cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da saiwoyin da suka mutu. Ƙananan halittun ƙasa ne ke sakin ta a hankali idan damina ta sauka. Jigawarmu kuwa wannan ruɓaɓɓen abu ya yi mata kaɗan ƙwarai. Ɗan salfet ɗin da ya samu kuma, rairayi ba ya riƙe shi, ruwa mai ƙarfi biyu ko uku ya isa ya tura shi ƙasa.

Sai kuma halinmu. Da an yi girbi muna kwashe komai: kara ya tafi danga da murhu, harawa da karmami su tafi turke ko kasuwa. Abin da ya rage a tara a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Wutar nan tana kora naitirojin da babban kaso na salfa sama cikin hayaƙi. Tokar da ta rage tana da amfaninta, amma waɗannan biyun sun riga sun gudu. Ga shi yanzu ba a barin gona ta huta, jama'a sun yi yawa, gonaki sun tsuke.

Sama ma ba ta ba mu da yawa. A 1974 wani mai bincike a Samaru, A. R. Bromfield, ya wallafa awon da ya yi na salfar da ruwan sama ke saukarwa a Arewacin Najeriya, ya samu ba ta kai kilo 2 a hekta ba a shekara. Abin mamaki, a Turai akasin haka aka yi. Shekaru da dama hayaƙin masana'antu masu ƙona gawayin kwal yana zubo wa manoman Ingila da Jamus salfa kyauta daga sama. Da aka tsaurara dokokin tsaftace iska daga shekarun 1980, sai gonakinsu suka fara nuna yunwar salfa, dole suka koma sayen ta a buhu. Mu ba mu taɓa samun wannan kyautar ba, can ma da gubarta ta zo.

Maganar Kawu a kan supa

Yanzu mu koma kan tabarmar Kawu. Tun farkon shekarun 1950, zamanin da gyaɗa ke tashe har ake dalarta a Kano, gwaje-gwajen taki da aka yi a gonakin gyaɗa na Arewa sun nuna cewa amfanin takin supa ba daga P kaɗai yake zuwa ba, har da salfar da ke cikinsa. Supa tana ɗauke da salfa kashi 11 zuwa 12 cikin 100. Shi ya sa aka daɗe ana ba manoman gyaɗa shawarar amfani da ita, har gwamnatin tarayya ta kafa masana'antar yin ta a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1976. Iyayenmu suna zuba supa don gyaɗa ta yi 'ya'ya, suna ciyar da ƙasa salfa ba tare da sun sani ba. Geron da ya biyo bayan gyaɗar shi ma ya ci rabonsa.

Yau kasuwa ta sauya. Najeriya ta zama babbar mai sarrafa yuriya: ga Indorama a Eleme ta jihar Ribas, ga masana'antar Dangote a Lekki da aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, mai ƙarfin yin tan miliyan 3 a shekara. Shirin takin shugaban ƙasa da aka fara a ƙarshen 2016 tare da Maroko ya yaɗa kamfa mai lamba 20:10:10, wanda a farkon shirin aka riƙa haɗawa da yuriya da DAP da fotash da dutsen farar ƙasa. Duk takin kirki ne, ba jabu ba. Amma babu ɗaya a cikin kayan haɗin nan da yake takin salfa. Wato mun ƙara wa shuka naitirojin, buƙatarta ta salfa ta ƙaru, a daidai lokacin da muka daina ba ta. Sabon irin masara mai yawan goyo kuma ya fi na da ci.

Gyaɗa da wake da waken suya su ma abin ya shafe su, har ma fiye. Su ba su cika buƙatar yuriya ba, saboda ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwarsu suna kamo naitirojin daga iska. Amma injin da ke wannan aiki a cikin ƙullin, da ƙarfe da salfa aka gina shi. Babu salfa, ƙullin ya yi kaɗan, kamun ya ragu, gyaɗa ta ɗashe kamar mai yunwar naitirojin alhali ba shi ne asalin ciwon ba. Masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli su sani, amfanin gona mai mai yana cikin masu yawan cin salfa. Masu noman rani kuma, yajin albasa da ƙamshin tafarnuwa daga sinadarai masu salfa suke fitowa.

To yaya za a yi?

Na farko, karanta buhu kafin ka biya. Lambobi ukun nan na N da P da K ne. Idan akwai salfa a ciki, za ka ga an ƙara harafin S da lambarsa. Idan ba ka gani ba, ka ɗauka babu. Yadda kake duba girman ma'ajiyar waya kafin ka saya, haka za ka duba wannan, tunda kuɗin buhu ɗaya yanzu ya kai na ƙaramar waya.

Na biyu, yi lissafi. A ce ka zuba buhu 2 na yuriya a hekta, kilo 46 ke nan na naitirojin. Idan ka raba da 15, za ka ga ana buƙatar kusan kilo 3 na salfa ta shiga jikin shuka kafin wannan naitirojin ya zama furotin. Da yake ba duk abin da aka zuba ne shuka ke samu ba, abin da za a zuba sai ya fi haka. Buhun supa mai kilo 50 yana da kusan kilo 6 na salfa. Takin amoniyam salfet yana da naitirojin kashi 21 da salfa kashi 24, wato buhu ɗaya ya ba ka kilo 10.5 na wannan da kilo 12 na wancan a tare. Jifsam, farin dutsen nan da ake sa wa siminti, shi ma yana da salfa da sinadarin kalsiyam, wanda gyaɗa ke so lokacin da take sauke 'ya'ya. Ka ga ba maganar ƙara kuɗi masu yawa ba ce. Sau da yawa canza buhu ɗaya daga cikin waɗanda za ka saya ne.

Na uku, lokaci. Supa da jifsam ba sa son a makara. Supa a lokacin huɗa ko shuka ake sa ta. Amoniyam salfet yana narkewa da wuri, shi ne ya fi dacewa da ceto idan shuka ta riga ta nuna alama. Amma kada a mayar da shi na kullum a zuba da yawa, domin yana sa ƙasa tsami, jigawa kuma ba ta da ƙarfin jurewa. Yuriya kuma a tona a binne ta gefen shuka lokacin da ƙasa ke da danshi, kada a watsa a sama a tafi.

Na huɗu, kada wani ya karanta wannan ya ruga kasuwa ya sayi dunƙulen farar wuta ya daka ya watsa, yana jiran ganin kore cikin sati. Sai ƙwayoyin halittar ƙasa sun juya ta ta zama salfet kafin shuka ta iya ci, wannan kuwa yana ɗaukar makonni ko watanni.

Na biyar, takin gida. Kashin shanu da na awaki da na kaji, da juji da ya ruɓe, suna ɗauke da naitirojin da salfa a tare, suna kuma sa rairayi ya riƙe ruwa da taki. Ba banza ba gonakin bayan gari suka fi na nesa kyau. Idan dabbobi sun ci harawa, a tabbata kashinsu ya koma gonar da harawar ta fito. Abin da ya rage a gona kuma a binne shi a huɗa maimakon a ƙona.

Na ƙarshe, a yi tambaya inda ya dace. Akwai malaman gona na hukumar KTARDA, akwai tsangayar aikin gona a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ba ta da nisa da mu, akwai cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero ta Kano. Awon ƙasa ko na ganye shi ne ke raba gardama. Idan ya yi wa mutum ɗaya tsada, matasa biyar ko goma masu gonaki a jere za su iya haɗa kuɗi.

Gwajin kunya goma

Abin da ƙanena ya yi daga ƙarshe ya fi duk shawarwarin zauren amfani. Wani malamin gona ya duba gonar ya ce yana zargin salfa ce, amma kada ya sake sayen buhu a kan zargi. Ya sa ya auno 'yan kwanonin amoniyam salfet, ya binne a kunya goma a tsakiyar gona, ya kafa tsinke, ya bar sauran yadda suke. Cikin kwana goma sabon ganyen kunyoyin nan ya fito da korensa, na gefe kuwa yana nan a ɗashe. Wani zai ce ai takin yana da naitirojin, ƙila shi ne ya yi aikin. Amma duk gonar ta riga ta ci yuriya har sau biyu ba ta motsa ba. Abin da ya bambanta kunyoyin goma da sauran shi ne salfa.

Bai ceto daminar duka ba, don lokaci ya riga ya ja, kuma bunsuru bai dawo ba. Amma bana tun kafin ruwa ya sauka ya kai takin turke gona, kuma a cikin buhunan da ya saya akwai supa guda. Da ya sauke ta a ƙofar gida, Kawu ya dubi buhun ya dube shi ya ce, "Au, kun dawo hanya ke nan?"

Idan kana da gona a bana, ko ta Baba ce kake taya shi, ka ware kunya goma ka gwada da kanka. Ka ɗauki hoto ranar da ka zuba, ka sake ɗauka bayan kwana goma, ka ɗora su a jere. Kuma duk ranar da wani ya turo hoton masara mai ɗasasshen ganye yana neman taimako, kafin ka rubuta masa "ƙara yuriya", ka fara tambayarsa: ganyen sama ne ko na ƙasa?